Ɗumame ne ko gyara? Amsa kan rigimar Living with Ghosts

Ƙanena tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce ka ga masoyan ƙungiyar mawaƙan nan My Chemical Romance, wato MCR, har yau ba su daidaita ba a kan The Black Parade/Living with Ghosts, wato sake fitowar albam ɗinsu The Black Parade da aka yi a 2016 da ƙarin waƙoƙi goma sha ɗaya, wasu na cewa taska ce wasu na cewa tatsar aljihu ce kawai, kana son sanin waye mai gaskiya. Sannan kai da ka fara jin su kwanan nan, ka sa kuɗinka a faifan ko ka haƙura. Toh ni dai aikina haɗa sauti ne, na daɗe ina zaman situdiyo ina miksin ɗin waƙoƙin mutane, kuma albam ɗin nan tun zamanin da ya fito nake jinsa, don haka zan amsa maka ta fuska biyu, ta mai sana'a da ta masoyi, kuma wani wajen su biyun ba sa jituwa, kayi haƙuri da ni.

Abun da na lura da shi tun 2016 shine yawancin masu faɗan nan ba a kan waƙoƙin suke faɗa ba sam. In ka zauna da mutum ka ce masa toh wace waƙa ce a cikin goma sha ɗayan nan ta ɓata maka rai, sai kaga ya fara kame-kame, ƙarshe ya koma ba ka labarin ranar da aka saki bidiyon talla. A can ciwon yake.

Bari in ba ka yadda abun ya faru tunda ba ka nan lokacin. Mutanen nan 'yan New Jersey ne a Amurka, sun kafu a 2001, The Black Parade kuma shine albam ɗinsu na uku, ya fito a Oktoban 2006 ƙarƙashin kamfanin Reprise, Rob Cavallo ne furodusa. Labari ɗaya ne aka jera daga farko zuwa ƙarshe, na wani mara lafiya da ciwon daji ke ci, yana bakin mutuwa yana waiwayen rayuwarsa. Ya kai lamba 2 a jerin Billboard na Amurka, a Ingila ma lamba 2, ita kuwa Welcome to the Black Parade sai da ta hau lamba 1 a Ingila. Sai a Maris ɗin 2013 suka fito da 'yar gajeriyar sanarwa cewa sun watse, ba wani dogon bayani ba wasan bankwana. Ka ƙaddara yaran da suka taso da su, 'yan shekara sha huɗu sha biyar a 2006, aka bar su haka nan baki buɗe. Shekara uku ana zaman jira, kowa na duba alama, in Gerard Way, mai rera musu waƙa, yayi tari sai an fassara.

Kwatsam ranar 20 ga Yulin 2016 sai ga wani ɗan bidiyo na 'yan daƙiƙu, tuta tana kaɗawa, fiyanon nan na buɗewar Welcome to the Black Parade yana tashi a hankali, sai kwanan wata 23 ga Satumba, ga kuma taken MCRX, wato sunansu a taƙaice da X a gaba, da ake ta yawo da shi. Ba kalma ɗaya ta bayani. Wallahi ni kaina da girmana sai da na ajiye abun da nake yi na maimaita shi ya fi sau goma. Kowa ya ɗauka dawowa zasu yi, intanet ta ɗauka, mutane har sun fara lissafin kuɗin tikiti. Ba a kwana biyu ba suka fito suka ce a'a, ba dawowa zasu yi ba, ba yawon wasa, cikar albam ɗin shekara goma ce kawai za a sake fitar da shi da ƙarin wasu abubuwa. Ta leƙo ta koma kenan. Toh ka gaya min, mutumin da aka lasa wa zuma a baki haka sannan aka janye, in ka miƙo masa faifan demo, wato ɗaukar gwaji ta waƙoƙin da ba a gama ba, wata biyu bayan nan da wane kunne zai saurara? Ko me ke ciki ya riga ya zama abun da aka ba shi maimakon abun da yake so.

In kana son ka gane cewa ba ingancin ƙarin bane matsalar, dubi ƙungiyar American Football. Su waɗannan wani reshe ne daban na emo, wato salon kiɗan rok na amayar da damuwar zuciya da ake danganta MCR da shi, nasu na tsakiyar Amurka ne, mai sanyi, jita tana ta saƙa kamar zare ba ihu ba hayaniya. Ɗalibai ne a jami'ar Illinois, Mike Kinsella da Steve Holmes da Steve Lamos, suka yi albam ɗaya tak a 1999 a kamfanin Polyvinyl suka watse kowa ya kama gabansa. A 2014 aka sake fitar da shi da faifai na biyu, kuma me ke cikin faifai na biyun? Ɗaukar wasan da suka yi a wani ɗan ƙaramin waje a Champaign tun 1997, da atisayen da suka naɗa da rakoda irin ta kaset ɗin nan da ake ɗauka a hannu, da wasu gwaje-gwaje na kafin shiga situdiyo. Ta fuskar sauti in ka ajiye shi gefen Living with Ghosts ai ba a ma haɗawa, na MCR ya fi shi tsafta nesa ba kusa ba. Amma mutane suka yi ca a kai har shafin kamfanin ya tsaya cak saboda yawan masu oda, albam ɗin da a 1999 ba wanda ya san da shi ya shiga Billboard a lamba 68. Ba ka jin ana cewa an tatse mu. Dalili kuwa a fili yake, a shekarar nan ɗin suka dawo suka hau dandamali, daga baya ma suka yi sabon albam a 2016 da wani a 2019. Wancan ƙarin ya zo da albishir, wannan ya zo a madadin albishir. Shikenan bambancin.

Kuma abun dariya, da MCR ɗin suka tashi dawowa da gaske, suka sanar ranar 31 ga Oktoban 2019 suka yi wasan farko a Los Angeles ranar 20 ga Disamba, sai na ga da yawa cikin waɗanda suka yi ta tsine wa faifan sun dawo suna cewa ai Emily, ɗaya daga waƙoƙin da ke cikinsa, waƙa ce. Faifan bai canza ba ko ɗigo.

Yanzu bari mu shiga cikin faifan kansa, don nan ne nake da abun faɗa sosai.

Faifai na farko ainihin albam ɗin ne kamar yadda ka san shi. Na biyun shine Living with Ghosts, guda goma sha ɗaya, kuma in ka duba sunayen zaka ga kusan duk an rubuta musu demo na kai tsaye, biyu ne kawai aka ce miksin na wucin gadi, The Five of Us Are Dying da Emily. Wannan rubutun ba ado bane, gargaɗi ne, sai dai mafi yawan mutane ba su san me yake nufi ba. Demo na kai tsaye yana nufin 'yan ƙungiyar su biyar suna ɗaki ɗaya suna bugawa tare ana ɗauka, don dai kar a manta yadda waƙar take, ba don wani ya ji ba. Mai waƙa bai gama rubuta baitocinsa ba, wani wajen sai ya cusa kalmar da ta zo bakinsa don ya riƙe karin, ganguna na shiga makirfon murya, jita na shiga makirfon ganguna, ba wanda ya damu. Miksin na wucin gadi kuma ya ɗan fi wannan gaba, an ɗauki kowane kaya a layinsa, amma injiniya ya ɗan daidaita su ne cikin gaggawa don a tafi da shi gida a saurara. Ni a rana ɗaya ina iya fitar da irin wannan guda uku huɗu in tura wa mawaƙi ta WhatsApp, kuma in na ji ya sake shi a gari rigima zamu yi.

Toh in ka zo wa irin wannan faifai da tunanin zaka samu sabon albam, dole ka ji an cuce ka. Kuma ban ga laifin masu wannan tunanin sosai ba, don su MCR ɗin ne suka saba musu. Tsakanin ƙarshen 2012 da farkon 2013 sun saki Conventional Weapons, waƙoƙi goma da suka ɗauka tun 2009 suka ajiye, suna fitar da su bibbiyu, kuma waɗannan gamammun waƙoƙi ne da aka ƙare musu aiki. Wanda ya ci wannan ai zai sa ran rumbun na 2006 ma haka yake cike da gamammun kaya. Sai aka buɗe masa ya tarar da ƙanzo. Ni kuma kaga mutumin ƙanzo ne tun ina yaro, ƙasan tukunya ya fi min saman daɗi.

Ɗauki The Five of Us Are Dying. Ita ce Welcome to the Black Parade kafin ta zama kanta. Abun da nake so kayi shine ka sa hedifon, ba sifikar waya ba dan Allah, ka ji gamammiyar tukuna har ƙarshe, minti biyar da 'yan daƙiƙu, sannan nan take ka sa tsohuwar. Abu na farko da zai dake ka shine fiyanon nan babu shi. Wannan sauti ɗaya tilo da ake dannawa a farko, wanda yau in aka buga shi a filin wasa dubban mutane ke ihu tun kafin a kai na biyu, wanda da shi ɗin ma aka yi tallan da ya ja duk rigimar nan, a tsohuwar waƙar babu shi. Waƙar rok ce mai kyau, mai gudu, kana jin ƙashin bayan abun da ka sani yana leƙowa nan da can, amma ba ta da wannan hawan na sannu a hankali daga murya ɗaya da fiyano zuwa gangunan fareti zuwa fashewa. Ma'ana abun da duniya ta fi sanin waƙar da shi, daga baya aka zo da shi. A wajena wannan darasi ne da ya fi kuɗin faifan. Duk yaron da ya zo koyon aiki wajena sai na sa masa su biyun a jere, in ce masa toh gaya min me aka ƙara, me aka cire, kuma don me. Wanda ya iya amsawa na san zai yi nisa a sana'ar.

House of Wolves ma haka, har kala biyu aka sa. Ta biyun kana ji ka san ita ce, tana dab da wadda ta fito. Ta farkon kuwa in ba sunan ka gani ba ba zaka taɓa cewa suna da dangantaka ba, a hankali take tafiya, wata waƙa ce daban da ta ari sunan. Akwai masoya da yawa da suke rantsuwa ta farkon ta fi, ni ban yarda ba, a albam ɗin wajen da take zaune ana bukatar abu mai zafi ne ya tayar da mutum, da an sa mai sanyin nan da tsakiyar albam ɗin ya kwanta. Amma na gane me suke ji. Waƙar Mama kuma a demo ba muryar Liza Minnelli, mawaƙiyar da aka gayyato ta sa baki a gamammiyar, ba duk wannan hargowar ta wasan kwaikwayo da aka lafta mata daga baya, sai kaji ashe tun tana tsirara ma waƙar tana tsaye da ƙafarta. Disenchanted ita ma kana jin ana laluben kalmomi, ba duka suka zauna ba.

Sai guda huɗun da ba su taɓa shiga wani albam ba, Party at the End of the World, Not That Kind of Girl, Emily da All the Angels. A nan ne masu cewa taska ce suke kafa hujja. Gaskiyata, biyun farko da na ji su na gane dalilin da ya sa aka bar su a baya, ba munana bane, amma ba su da gurbi a labarin mara lafiyan nan. All the Angels akwai abu a cikinta da ba a ƙarasa tonowa ba. Emily kuwa ita ce wadda har yau nake jin haushin ba a gama ta ba, duhunta irin na albam ɗin ne sak, kuma ko a miksin na wucin gadin ma kana jin inda za a ce amshin ya buɗe da an ba ta sati ɗaya a hannun injiniya. Waƙa ɗaya da rabi kenan a cikin huɗu. In wani ya ce maka wannan bai isa a kira shi taska ba, ba zan yi musu da shi ba.

Inda nake tare da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari shine maganar waƙoƙin bayan faifai, wato waɗanda aka gama su tsaf a lokacin amma aka liƙa su a bayan singil maimakon albam. Kill All Your Friends, My Way Home Is Through You, Heaven Help Us. Waɗannan gamammu ne kuma masoya na ji da su sosai, wasu ma na cewa Kill All Your Friends ta cancanci shiga albam ɗin tun farko. Toh an tashi bikin shekara goma, sai aka sa demo ɗin biyu daga ciki aka bar gamammun a waje, ta ukun ma ko ƙyallinta. Wannan ban san hikimarsa ba, kai ka ce zaka tara wa mutum kayan zamanin waje ɗaya sannan ka bar waɗanda suka fi kyau a waje. Da an zuba su ciki da rabin surutun bai taso ba.

Akwai kuma wani tsohon tabo da ya kamata ka sani, don masoyan irin wannan kiɗa ba yau aka fara sa su sayen abu sau biyu ba. Fall Out Boy sun fitar da From Under the Cork Tree a Mayun 2005, ko shekara ba a rufa ba a Maris ɗin 2006 aka sake fitar da shi da suna Black Clouds and Underdogs da 'yan ƙarin waƙoƙi da rimiks. Zamanin sidi ne fa, ba yadda zaka ɗauki sababbin kaɗai cikin sauƙi, yaron da ya tara kuɗin tara ya saya da farko, wanda shine masoyin gaske, shi aka hukunta, wanda yayi jinkiri shi ya samu cikakke. Waɗannan yaran su ne manyan 2016, don haka da sun ji an ce bugu na musamman jikinsu ke ba su akwai wata a ƙasa. Ba kullum suke da gaskiya ba amma ba haka kawai suka tsargu ba.

Tunda ka shigo gidan kwanan nan nasan zaka ci karo da wata rigimar kuma, ta Three Cheers for Sweet Revenge, albam ɗinsu na 2004 da aka sake fitarwa a Yunin 2025. Kar ka haɗa su, wannan daban take kuma a ganina ta fi waccan tushe. A Living with Ghosts gyara aka yi maka irin na kasuwa, ka sayi mudu an ƙara maka ɗan tafi a kai, in kana so ka ci in ba ka so ka bar shi, mudunka na nan. A Three Cheers kuwa mudun aka taɓa, don sabon miksin aka yi masa gaba ɗaya, Rich Costey ne yayi, sannan aka ƙara wasu waƙoƙi da suka buga kai tsaye wa BBC a 2005.

Mutane na rikita rimasta da rimiks, bari in raba maka su. Mastarin shine aikin ƙarshe, waƙa ta riga ta zama dunƙule ɗaya, abun da zaka iya kawai shine ka ɗan ƙara mata haske ko nauyi ko ƙarfi gaba ɗayanta, kamar ka wanke mota ka goge ta. Miksin kuwa kana da kowane abu a warwatse, murya a layinta, bes a layinsa, kowace ganga da makirfonta, jita wani lokacin layi goma ko fiye, kai ke yanke hukuncin wa zai fito gaba wa zai koma baya. In aka ce an sake miksin toh an kwance injin motar ne an sake ɗaurawa. Zai iya fin na da kyau, amma ba shi bane.

Kuma a nan akwai wata cuta da duk mai zaman situdiyo ya sani. Akwai wani mawaƙi da na taɓa yi wa aiki, ba zan faɗi sunansa ba, na tura masa miksin na wucin gadi don ya ji tsarin waƙar kawai, sai aiki ya sha kaina na yi kusan sati uku ban koma kanta ba. Ashe shi a sati ukun nan kullum ita yake ji a mota, safe da yamma. Da na zauna na kwana uku ina gyara, na share hayaniyar da ke ƙasan murya, na ja bes ɗin da ke danne komai baya, na fito da 'yan amshi fili, ni dai nasan na yi aikin da zan iya nuna wa kowa. Ya zo ya zauna a kujerar bayana, na sa masa, ko minti ɗaya ba a yi ba naga ya fara girgiza kai. Ya ce malam ka kashe min waƙa. Na ce me ya ɓace? Ya kasa faɗa, sai cewa yake waccan ta fi rai. Na sa masa su a jere har sau uku, ƙarshe muka gano abun da yake nema, wani waje ne a baiti na biyu da muryarsa ta ɗan fashe ta wuce ƙa'ida, kuskure ne tsantsa, ni na gyara shi, shi kuma kunnensa ya riga ya haddace shi a matsayin waƙar. Dole na mayar masa da kuskurensa. Sati uku kenan fa. Toh ina ga wanda ya shekara ashirin da ɗaya yana jin Helena, waƙar cikin Three Cheers ɗin, a yanayi ɗaya, a ɗakin makaranta, a ranar da aka yi masa rasuwa, a ranar da budurwa ta ƙi shi? Shi ya sa da sabon ya fito kaji wasu na murna wai yanzu suna jin abubuwan da da suke binne, wasu kuma na cewa an wanke dattin da shine daɗin abun. Duka biyun gaskiya suke faɗa, abu ɗaya suka ji. Ni matsayina a kan irin wannan mai sauƙi ne, matuƙar an bar na asalin a inda mutum zai same shi toh a yi ta gwaji, ranar da aka ɗauke na asali aka maye gurbinsa da sabo ranar zan shiga sahun masu zanga-zanga.

Wani abu da ke ƙara wa wutar fetur, kuma wannan ya shafi emo fiye da sauran kiɗa, shine yadda mutane suka ɗauki abun kamar nasu na kansu. Kalmar ma tun asalinta a tsakiyar shekarun 1980 a birnin Washington, zamanin su Rites of Spring, kusan duk wanda aka liƙa wa ita sai ya ƙi ta, shi kansa Gerard Way ya fito ya nesanta kansu da ita. Amma yaran da aka yi ta yi wa dariya saboda ita su suka riƙe ta, har a 2008 masoyan MCR suka yi tattaki a Landan don nuna fushinsu da yadda jaridar Daily Mail ke siffanta su kamar wata ƙungiyar asiri. Mutumin da ya sha wannan saboda albam, in kamfani ya zo bayan shekara goma ya sa masa sabon kwali da sabon farashi, ba lissafin waƙa nawa aka ƙara yake yi ba, ji yake kamar an shiga ɗakinsa ba sallama. Wani kuma irin wannan son ne dai yake sa shi ko tarin Gerard aka naɗa zai saya ya ajiye. Tun bayan rasuwar Bob Bryar a ƙarshen 2024, wanda shi ya buga gangunan The Black Parade, na lura demo ɗin nan sun ƙara nauyi a wajen wasu, don a nan kake jin bugunsa ɗanye ba a goge ba.

Toh maganar kuɗinka. Kai da ka ce kwanan nan ka fara, shawarata kar ka taɓa faifai na biyun yanzu ko a kyauta ne. Ka ba ainihin albam ɗin wata biyu uku, daga farko zuwa ƙarshe a jere ba tsallake, har ka kai inda in waƙa ta ƙare bakinka ke fara ta gaba kafin ta shigo. Demo ba ya yi wa wanda bai haddace gamammiyar ba amfanin komai, zaka ji waƙa ce kawai mara kyan sauti ka kashe. In ka kai nan sai ka neme shi a Spotify ko YouTube ka ji, ka fara da The Five of Us Are Dying, sai House of Wolves ta farko, sai Emily, sauran ka bi su yadda ka ga dama.

Sayen na hannu kuwa, ya fito a sidi biyu da kuma faifan garmaho uku. In da ma ba ka da albam ɗin kuma kana son ka mallake shi, toh sidin ba asara, ka samu na asali ga gyara a kai. Na garmahon ne nake ce maka ka yi tunani, ka lissafa canjin dala da kuɗin aikowa, sannan ka tuna faifan garmaho ba ya shiri da zafi, in ya kwana biyu a bayan mota ko a sito a watan Afrilu zai iso maka a lanƙwashe kamar faranti. Nawa sidin ne, kuma in gaya maka gaskiya faifai na farkon har ya fara tsalle saboda sawa, na biyun kuwa in ba sabon yaro ya zo koyon aiki ba, ko kuma Emily ta faɗo min a rai cikin dare, yana nan cikin kwalinsa.